Yadda ake bin wuta idan tsohon mashin ya ƙi kawowa a fulogi

Masu koyo da zarar mashin ya ƙi tashi sai su ce ai CDI ne, wato ɗan akwatin da ke tura wuta zuwa fulogi, a sayo sabo a ɗaura, a yi ta buga kik har gumi ya jiƙa riga, shiru kake ji. CDI shi ake zargi a ƙarshe, kuma ni ban yarda a saye shi ba sai an ari na wani mashin irinsa an gwada.

Ka kwance fulogi ka mayar da shi cikin hularsa, ka jingina ƙarfensa da jikin injin inda babu fenti, nesa da ramin fulogin saboda tururin fetur, ka kunna makulli ka buga kik. Idan ka riƙe shi a iska ba za ka ga komai ba ko da lafiyarsa ƙalau. Wuta shuɗiya mai ƙara tas tas ita ce mai kyau, ja ko rawaya mai rauni ce. Tazarar bakin fulogin kamar 0.6 zuwa 0.7 na milimita.

Babu wuta? Murɗe hular ka cire, ka riƙe wayar da filaya mai roba, bakinta kamar milimita 6 daga injin, ka sake bugawa. In ta kawo to hular ce ko fulogin, ko bakin wayar ya yi kore, yanke kaɗan ka mayar.

Inda ake yawan faɗuwa shi ne wayar kashe mashin. A yawancin tsofaffin mashinan nan makulli ba ya ba CDI wuta, yana zubar da ita ne a jikin bodi in ka kashe, to idan swicin makulli ya sha ruwa ko wayar ta goge a wuyan mashin tana taɓa ƙarfe, mashin a kashe yake ko ka kunna, kuma ba abin da zai nuna maka. A ƙirar Honda da masu kwaikwayonta yawanci baƙa ce mai farin layi. Zare ta daga soket ɗin CDI ka buga, in wuta ta dawo ka gano ɓarawon. Ka dai tuna yanzu makulli ba zai kashe shi ba.

Saura kwayil, wanda wayar fulogi ke fitowa daga jikinsa, ka kankare tsatsa inda aka ɗaure shi, sai ka auna kwayil na cikin magneto, inda injin ke samar da wuta, da mita in kana da ita. In mashin ɗin mai kwantak ne maimakon CDI, ka goge bakin kwantak ɗin da sanfefa ka saita tazara 0.3 zuwa 0.4 na milimita, in yana tartsatsi da yawa canja kwandansa, wato ɗan abin da ke rage wa kwantak tartsatsi.