Kurakuran da ke lalata ɗinkin yatsa bayan an dawo gida

Wuƙa ta zame wajen yankan nama, an je asibiti, an yi ɗinki huɗu ko biyar a yatsa. Daga nan sauran aikin na gida ne, kuma a gidan ne yawancin ɗinki ke lalacewa.

Babban abin da ke ɓata shi ruwa ne. Awa 24 zuwa 48 na farko bai kamata ruwa ya taɓa wurin ba sam. Bayan nan ana iya wankewa a hankali da ruwa mai tsabta da sabulu, a tsane da kyau, a sa sabon bandeji. Amma tsoma hannu cikin ruwan wanki ko na wanke-wanke sai an cire zare. Na sha ganin mace ta ɗaure yatsa da leda ta koma bakin kwanuka. In ta kwance, sai ka ga fatar ta yi fari ta yamutse, bandejin ya jiƙe sharkaf da gumi. Ciwon ya kwana a haka, ƙwayoyin cuta sun samu wurin zama. Duk bandejin da ya jiƙe ko ya yi datti, a canza shi nan take. Batun alwala kuwa, addini ya sauƙaƙa: ana shafa a kan bandeji, ba sai an kwance ba.

Sai zube-zube. Wani ya ce a fasa kafso a barbaɗa garin, wani ya ce toka, wani man birki. Don Allah a bari. Ko sifirit ma, yawan zuba shi kan ɗinki yana ƙona sabon naman da ke tohowa. Abin da ma'aikacin asibiti ya bayar ya isa. In an rubuta maganin sha, a sha yadda aka tsara.

Mutane kan bar hannu yana lilo, yatsa ya kumbura ya yi ta zogi. A kwanakin farko a riƙa ɗaga shi sama da ƙirji, da dare a ɗora kan matashi. Zobe kuma a zare shi tun kafin kumburi ya kama shi.

Kada a manta da allurar tatanas, musamman in ƙarfe mai tsatsa ko ƙasa ta shiga ciwon kuma an haura shekara 5 rabon mutum da ita.

Zaren yatsa yakan yi kwana 10 zuwa 14, ya fi daɗewa in a kan gaɓa yake. Ƙaiƙayi ba ya nufin lokacin cirewa ya yi. Masu sa reza su cire da kansu sukan wayi gari ciwon ya buɗe.

Kuskuren da ya fi tayar mini da hankali shi ne "bari mu gani zuwa gobe". Idan ja yana bazuwa, ko mugunya ta fito, ko zafin yana ƙaruwa bayan kwana 2, ko ga zazzaɓi da kaluluwa a hammata, a koma asibiti a ranar. Idan yatsan ya kumbura gaba ɗaya, ya lanƙwashe, miƙe shi yana sa mutum ihu, mai yiwuwa cutar ta shiga kuben jijiyar da ke lanƙwasa yatsan, kuma jinkirin kwana ɗaya na iya sandarar da yatsan. Mai ciwon suga ko ɗan ja ya gani, ya tafi a duba.