Kwance bulon bayan Hilux: ɓarnar da na gaji da gani

Bulon shida ne ko takwas ke riƙe da akwatin bayan mota a kan shasi, gwargwadon irinta, kuma a yawancin Hilux da ke yawo a Maradi kile (ƙarfen kwance bulon) mai lamba 17 ke kama su. Aikin safiya guda ne, amma kullum sai an mai da shi na kwana da kwanaki.

Babbar ɓarna gaggawa ce. Motar da ta shekara tana kai tumaki kasuwannin ƙauye, ko tana ɗaukar buhunan taki da kanwa, fitsari da ruwan taki sun riga sun cinye zaren bulon. Ta okaziyo da ta sauka Kotonu kuwa, da tsatsar gishirin hanyoyin Turai ta iso. Sai yaro ya ɗora kile, ya zura masa bututu mai tsawon mita, ya hau da ƙafa. Ko bulon ya karye, ko ekurun (ƙarfen da bulon ke ɗauruwa a cikinsa) da aka kama da walda daga ciki ya ɓalle ya dinga juyawa tare da shi, a lungun da hannu ba ya kaiwa. An yi mini wannan a garaji, a motar wani Alhaji mai kai kaya Ɗan Isa. Ni na biya mai walda, ni na sayi bulon, Alhaji ya rasa ranar kasuwa, kuma tun ranar bai sake tako ƙofata ba.

Ni ga yadda nake yi. Tun da yamma in shiga ƙarƙashi da burushin ƙarfe in kankare laka da tsatsa, in zuba gazuwal da aka gauraya da ɗan man inji, ya kwana. Da safe in buga kan bulon da guduma. In ɗan ƙara ɗaure shi tukuna, sannan in sassauta, gaba da baya, kaɗan-kaɗan, ina ƙara mai. Wasu WD-40 suke fesawa, ban hana ba, amma a ba shi lokaci ya shiga.

Na biyu wuta. Kai yaro, tankin mai yana nan ƙarƙashin akwatin, taƙi ɗaya ko biyu daga bulon da kake gasawa! Kada ka ce mini tankin babu komai. Tankin isansi da ya ƙare ya fi cikakke haɗari, don tururin ne ke kamawa. Duk wanda na gani da shalimo (abin hura wutar gas) ko injin yanka a wajen nan kafin a sauke tanki, ranar ya bar garajina, ko ɗan wane ne.

Kada ka kama kan bulon mai tsatsa da kile mai buɗaɗɗen baki, zai murje shi. Sa kile mai kusurwa shida. Cire kan batir. Kwance wuyan zuba mai daga jikin akwatin, ka zare filogin fitilun baya, in ba haka ba wayoyi za su tsinke sa'ad da aka ɗaga. A sami mutum huɗu, kowa da kusurwarsa. Robobin da ke tsakanin akwati da shasi a ajiye kowace da wurinta.

In za ka mayar, dubi lambar da ke kan tsohon bulon ka sayi mai ƙarfinsa, ba na tebur marar lamba ba. Shafa giris a zare, ka fara ɗaura duka da hannu kafin ka matse ko ɗaya.