Kurakuran da aka fi yi wajen hana katsalandan a da'irar ƙwayoyin gado ta bakteriya

Tun shekarar 2000, lokacin da Michael Elowitz da Stanislas Leibler suka haɗa furotin uku masu danne juna, wato LacI da TetR da cI, a cikin bakteriyar E. coli har ta riƙa yin haske tana dushewa, masu wannan fanni suke ta ɗora da'ira a kan da'ira, wato jerin ƙwayoyin gado da aka haɗa don su riƙa kunna juna ko kashe juna. Sai dai cikin bakteriya ɗaki ɗaya ne da ba shi da bango a tsakani, kuma duk saƙon da aka aika a ruwa ɗaya yake yawo da sauran. Mantawa da wannan ne tushen yawancin matsalolin.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a gwada kowane sashe shi kaɗai, a ga ya yi aiki, sai a ɗauka zai zauna lafiya da ɗan'uwansa. Furotin LuxR na bakteriyar Vibrio fischeri da LasR na bakteriyar Pseudomonas aeruginosa kowanne yana da nasa sinadarin da yake ji, amma sinadaran dangin juna ne, sun bambanta ne kawai a tsawon jelarsu, ɗaya carbon shida, ɗaya sha biyu. Idan sinadarin LasR ya yi yawa, LuxR ma yakan amsa, kuma LasR kansa yakan kunna furomotar da aka ware wa LuxR, wato guntun DNA ɗin da daga nan ake fara karanta ƙwayar gado. Maganinsa aiki ne mai cin lokaci amma ba makawa: a haɗa kowane sinadari da kowane mai karɓa, a kuma gwada shi daga ɗan kaɗan har zuwa mai yawa. Saƙo uku da masu karɓa uku haɗi tara ne, kuma shidan da ba a tsammanin komai daga gare su su ne suka fi cancantar a zuba musu ido. Haka IPTG, sinadarin da ake sa wa LacI don ya daina dannewa, yake rage ƙarfin amsar furotin AraC ga sukarin arabinos, sukarin gulukos kuma yana danne furomotar arabinos ɗin, don haka abincin da aka reni bakteriyar a ciki shi ma yana cikin lissafi.

Akwai wanda ya fi wannan ɓoyuwa, kuma a ganina shi ya fi ɓata wa mutane lokaci. Mai bincike zai kunna jan furotin mai haske, sai ya ga koren, wanda babu abin da ya haɗa su a zane, ya fara dushewa a na'urar awo. Nan take zai zargi furomota, ya shafe makonni yana sauya ta. Alhali ribosom, masu ƙera furotin, da RNA folimeres, mai kwafo RNA daga DNA, ƙayyadaddu ne a cikin ƙwayar, abin da jan ya ja kuwa daga rabon koren ya fito. A sa furotin mai haske guda wanda kullum a kunne yake don ya zama shaida. Idan ya ragu, an san nauyi ne ya yi yawa. Daga nan sai a sassauta wurin kamun ribosom, ko a koma falasmid (ƙaramin zoben DNA da ake ɗora da'irar a kai) mai ƙarancin kwafi irin pSC101. Irin wannan cunkoso yana faruwa a wajen rushe furotin ma, idan aka liƙa wa da yawa ssrA, wato alamar a rushe su, suka yi layi a ƙofar marushi ɗaya mai suna ClpXP.

A kan zaren DNA kuma, alamar tsayawa ce take gaya wa folimeres inda zai daina kwafi, mai rauni kuwa takan bar shi ya zarce cikin ƙwayar gadon da ke gaba. A sa mai ƙarfi ko a jera biyu, amma kada a maimaita iri ɗaya a wurare da yawa, domin bakteriya takan haɗe wuraren da suka yi kama ta zubar da abin da ke tsakani. Furomota ma takan sauya hali gwargwadon abin da ke biye da ita, shi ya sa ɗakin binciken Christopher Voigt ya fito da RiboJ a 2012, wani guntu da ake sawa bayan furomota, wanda ke yanke bakin RNA a wuri ɗaya kullum.

Wani lokaci kuwa da'irar lafiyarta ƙalau, awon ne ya yaudari mai shi. Hasken koren furotin GFP da na rawayan furotin YFP suna shiga juna, saboda haka a fara auna bakteriya mai ɗauke da launi ɗaya tak, a cire abin da ya tsallaka, kafin a taɓa ko da sashe ɗaya na da'irar.