Kafin ka fara dawo da bayananka daga bakof

Jama'a, ga wata 'yar shawara, don na ga mutane da yawa suna katse aikin dawo da bayanai daga bakof, wato kwafin ajiya na kayan kwamfuta, suna cewa kwamfutar ta maƙale.

Tsawon lokacin ya danganta da yawan kayan da kuma hanyar da za su bi. Hadis na waje (hard disk, faifan ajiyar bayanai da ake jonawa da kwamfuta) a kan USB 3.0 yakan kwaso kusan megabayit 100 a daƙiƙa, don haka gigabayit 500 zai ci awa ɗaya da rabi ko kusa da haka. Ka soka shi a tsohon ramin USB 2.0 kuwa, gudun ya faɗo wajen megabayit 30, aikin ya koma awa huɗu zuwa biyar. Ka leƙa cikin ramin, mai launin shuɗi yawanci shi ne mai saurin.

Daga intanet kuma sai haƙuri. Layin megabit 20 (megabit 8 ne ke yin megabayit 1) na sauke megabayit 2.5 ne kacal a daƙiƙa, gigabayit 100 ma sai ya kai awa 11.

Ƙananan fayiloli dubbai sun fi bidiyo ɗaya babba cin lokaci, ko da nauyinsu ɗaya. Shi ya sa Time Machine, manhajar bakof ta kwamfutar Mac, zai rubuta saura minti 40, can kuma ka ga ya koma awa 3. Ni tuni na daina kula wannan lissafin. Muddin fitilar hadis na ƙyaftawa, aiki na tafiya.

Ka jona caja, ka hana kwamfutar yin barci, ka fara da daddare ka je ka kwanta.