Yadda za ka riƙa taɓa kowace tsoka sau uku ko huɗu a mako ba tare da ka kashe gaɓoɓinka ba

Duk ranar Litinin da yamma, in ka leƙa jim ɗin unguwa, layi za ka tarar a kan benci. Kowa ƙirji yake yi. Talata baya, Laraba kafaɗa, Alhamis damtse, ranar ƙafa kuwa wuri ya yi fayau. Wannan tsari na ware wa kowace tsoka rana guda a mako daga mujallun masu gasar nuna jiki na Amurka ya yaɗu, kuma yawancin manyan da ake gani a hotunan nan akwai alluran ƙara girman tsoka a cikin harkarsu. Kafin allurai su cika fagen, irin su Steve Reeves da Reg Park duk jiki suke motsawa a zama ɗaya, sau uku a mako, da haka suka gina jikin da ya ci gasar Mista Yunibas a farkon shekarun 1950.

Dalilin da ya sa yawaita taɓa tsoka ke aiki ba ɓoyayye ba ne. In ka wahalar da tsoka, aikin gina ta yakan tashi na kwana ɗaya zuwa biyu, daga nan ya sauka. Ƙirjin da ka daka ranar Litinin ya gama abin da zai yi kafin Alhamis, sauran kwanakin zaman jira kawai yake. A 2016 masanin motsa jiki Brad Schoenfeld da abokan aikinsa sun tattara binciken da aka yi kan haka, suka ga taɓa tsoka sau biyu a mako ya fi sau ɗaya. Da suka sake dubawa a 2019 da ƙarin bincike, sai suka ga in jimillar aikin mako ɗaya ce, bambancin bai taka kara ya karya ba. Ka riƙe wannan na biyun da kyau, domin a nan samari ke faɗawa rami. Amfanin yawaita zuwa shi ne ka raba aikin da kake yi a rana guda zuwa kwanaki, ta yadda kowane zubi, wato ɗagawa a jere kafin ka ajiye, zai same ka da ƙarfinka. Wanda ya ɗauki aikin Litinin ɗinsa gaba ɗaya ya maimaita shi sau huɗu, jinya yake nema.

Ba zan tsaya koya maka yadda ake kwanciya a benci ko tsugunno da ƙarfe ba. In ba ka yi wata shida kana ɗagawa ba, je ka yi kwana uku a mako tukuna, ka dawo.

Mataki na farko: ƙirga aikinka na mako

Ɗauko takarda. Zubi shi ne abin da ake cewa set a jim, wato ɗagawa sau takwas ko goma a jere kafin ka ajiye. Rubuta zubi nawa kake yi wa ƙirji a mako, nawa baya, nawa cinya. Na ɗumama jiki ba ya cikin lissafi. Ga yawancin mutane, zubi 10 zuwa 20 a mako ga kowace babbar tsoka ya wadatar. Ni 12 nake sa kowa ya fara da shi, ko da ya rantse mini 25 yake yi. Ka lura da kanka ranar ƙirji: zubi huɗu ko biyar na farko su ne na gaske, daga nan nauyi ya fara raguwa, hannu na rawa, sauran duk cika lissafi ne.

Mataki na biyu: raba shi kwana huɗu

Sha biyun nan ka raba su uku-uku. Kowace rana turawa ɗaya, ja ɗaya, ƙafa ɗaya, sai ɗan ƙaramin abu na damtse ko kafaɗa a ƙarshe. Ga yadda nake tsara shi:

Litinin: benci da dogon ƙarfe, mai nauyi, sau 6 zuwa 8. Jan jiki sama a sanda. Tsugunno mara nauyi, sau 12.

Talata: tura dambel, wato gajeren ƙarfe na hannu ɗaya, sama da kai, sau 10 zuwa 12. Jan dambel da hannu ɗaya kana dafe da benci. Sunkuyo da ƙarfe gwiwa a ɗan lanƙwashe, don bayan cinya.

Alhamis: tsugunno mai nauyi, sau 6 zuwa 8, shi ne farko. Benci mai tudu da dambel, sau 12. Jan ƙarfe zuwa cibiya kana sunkuye.

Asabar: benci mara nauyi ko dannawa a ƙasa, sau 15. Jan jiki sama, tafin hannu na kallonka. Taku da dambel a hannu, ƙafa ɗaya bayan ɗaya.

Dubi yadda babu ranar da abu biyu masu nauyi suka haɗu, kuma babu motsin da aka maimaita iri ɗaya kwana biyu a jere. Da gangan ne. Tsoka ba ta damu da ko dambel ne ko dogon ƙarfe ba, amma gwiwar hannu da kafaɗa sun damu, canza kusurwa na ba su sarari. Ɗaga ƙarfe mai nauyi daga ƙasa kuwa, in dole sai ka yi shi, sau ɗaya a mako ya isa, a madadin sunkuyon Talata. Gadon baya yana da jinkirin warwarewa.

Duk zaman bai kamata ya wuce awa ɗaya ba. Hutu tsakanin zubi mai nauyi minti biyu zuwa uku, kada ka gajarta shi don wani na jiran benci, ku riƙa karɓa-karɓa.

Mataki na uku: ka ajiye ƙarfe da sauran biyu a hannunka

Nan ne na ci ƙasa, kuma nan nake ganin kusan kowa na ci. Lokacin da na koma kwana huɗu, na zo da halin da na saba da shi: ba na ajiye ƙarfe sai ya ƙi tashi, sai abokin ɗagawa ya sa hannu yana cewa "ɗaya kuma, naka ne". A tsarin rana ɗaya a mako wannan na wucewa, domin kana da kwana shida na warkewa. A tsarin kwana huɗu awa 24 ko 48 kawai gare ka. Mako biyu na farko na ji daɗi ƙwarai, nauyi na hawa. A na huɗu gwiwar hannuna ta dama ta fara zafi ta ciki, irin zafin da kake ji in ka ɗauki bokitin ruwa. Na ɗaure ta da bandeji na ci gaba. A na shida ko buta na ɗaga sai na ji ta, barci ya lalace, nauyin da nake ɗagawa sau takwas ya koma biyar. Sai da na yi kusan wata biyu ban taɓa benci ba, abin da na tara ya zube.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne tsoka da jijiyar da ta ɗaure ta da ƙashi ba tafiya ɗaya suke yi ba. Tsoka na da jini sosai, tana saurin sabawa. Jijiyar nan jininta kaɗan ne, watanni take ɗauka. Ga wani tarko kuma: da ka fara taɓa tsoka a kai a kai, tsamin jikin nan da ka saba ji washegari zai ɗauke cikin mako biyu. Sai ka zaci aikin bai isa ba, ka ƙara. Tsami ba shi ne ma'aunin girma ba. Jiki ne ya saba, kuma haka ake so.

To ga dokar. Kowane zubi, ka tsaya lokacin da ka tabbata za ka iya ƙara biyu da kyau amma ba uku ba. Yaya za ka gane? Da saurin ƙarfen. Ɗagawar farko zuwa ta biyar ƙarfe na tafiya sumul. Akwai wadda za ta zo ka ji ya rage gudu a tsakiyar hanya ba da son ranka ba, kana turawa da ƙarfi amma yana jan ƙafa. Daga wannan, ɗaya za ka ƙara ka ajiye. In ƙugunka ya tashi daga benci, ko ka fara wurga dambel da baya, ka riga ka wuce.

Sababbi da yawa ba su san inda iyakarsu take ba, sukan ajiye da sauran biyar suna zaton biyu ne. Maganin wannan, sau ɗaya a mako biyu ka zaɓi motsi mara haɗari, kamar naɗe dambel don damtse ko dannawa a ƙasa, ka yi zubin ƙarshe har ya ƙi. Kafin ka fara ka faɗi adadin da kake zato, sannan ka ga gaskiya. A tsugunno da benci mai nauyi kuwa ban yarda a gwada wannan ba sam.

Abokin ɗagawa ma sai ka yi masa bayani tun kafin ku fara, domin shi a ganinsa taimako yake yi in ya zuga ka. Ka ce masa, "Malam, in na ce ya isa, kama mini mu mayar." Za a yi maka kallon rago na ɗan lokaci, musamman ranar da kake benci da nauyin da ƙanenka ma zai ɗaga. Ka jure.

Wani zai kawo maka zancen 'yan Bulgeriya, cewa a ƙarƙashin kocinsu Ivan Abadjiev suna ɗaga kusan iyakar ƙarfinsu sau da yawa a rana, kusan kullum, suka kwashe lambobin zinare a shekarun 1970 da 1980. Gaskiya ne. Amma zaɓaɓɓu ne daga ƙasa guda, ba su da wani aiki sai wannan, burinsu ɗaga nauyi sau ɗaya a gasa, kuma an kama wasunsu da haramtattun magunguna har tawagar ta janye daga gasar Olamfik ta Seoul a 1988. Kai da za ka fito daga kasuwa ko ofis ka zo jim, ba sa'anninka ba ne.

Mataki na huɗu: littafi, da ƙari kaɗan-kaɗan

Sayi ƙaramin littafi na 'yan makaranta. Waya na da kyau, amma daga duba lissafi sai ka tsinci kanka a WhatsApp. Rubuta nauyi da adadi na kowane zubi. In an ce sau 6 zuwa 8, ka zauna a nauyi ɗaya har sai ka yi 8 a duka zubi ukun da sauran biyu a hannu, sannan ka ƙara kilo biyu da rabi, ka koma 6.

Matsalar jim ɗinmu ita ce ƙananan faranti ba su cika samuwa ba, daga kilo biyar sai goma. Kai wa mai walda guntun ƙarfe ya yanka maka biyu masu kilo ɗaya da kwata, ka riƙa zuwa da abinka a jaka, kuɗinsa bai kai na rijistar wata ɗaya ba. In kuma na siminti kake ɗagawa a gida, kai su wurin 'yan gwangwan a ɗora a sikeli, ka rubuta nauyin da fenti a jiki. Sau da yawa za ka tarar gefe ɗaya ya fi ɗaya, kuma wannan kaɗai na iya jawo ciwon kafaɗa.

Kada ka ƙara zubi sai ka yi wata biyu a kan sha biyun. In nauyi na hawa, bar shi haka.

Sauran: abinci, barci, makon sauƙi

Furotin gram 1.6 ga kowane kilo na nauyinka a rana. Mai kilo 70 yana neman kusan gram 110. Ƙwai ɗaya gram shida ne, saboda haka ƙwai kaɗai ba zai kai ka ba sai aljihu ya ji. Haɗa da wake, awara, ƙuli-ƙuli, kindirmo, kifi, nama in ya samu, ka raba su sau uku ko huɗu. Garin furotin na roba ba dole ba ne. In za ka sayi abu ɗaya, kiriyatin ne, garin da ke taimaka wa ƙarfin tsoka, gram 3 zuwa 5 kullum. Allura kuwa, ko wa ya kawo maka, a'a. Kuma sai ka ci ka ƙoshi: in sikeli bai motsa ba cikin wata guda, ƙara tuwo ko shinkafa.

Barci awa bakwai zuwa takwas. In kana tashi asuba, lissafa baya ka ga ƙarfe nawa ya kamata ka kwanta.

Duk mako na shida ka rage zubi zuwa rabi, nauyi kuma ya ɗan sauka. In gaɓa ta yi zafi zama biyu a jere, canza motsin a ranar, kada ka ɗaure ta ka ci gaba kamar yadda na yi, in ya wuce mako biyu ka ga likita. Lokacin zafin Afrilu ka koma bayan asuba. Da azumi kuwa na fi son a sauko kwana uku, zubi bibbiyu, bayan an sha ruwa, nauyin dai a bar shi yadda yake.