Sabon ciyaman, ga inda na gabanka suka zame

Na yi aikin ƙaramar hukuma a jihar Kebbi har na yi ritaya, kuma na gaji da ganin kowane sabon ciyaman yana maimaita kuskuren wanda ya gada. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, hirar kowa ta koma kan kuɗi. Ni halin mai riƙe da kujerar ne ya fi damuna, domin shi ma'aikata ke kwaikwayo.

Ana rantsar da mutum sai ya kama gida a Birnin Kebbi, ba a ƙara ganinsa a sakatariya sai ƙarshen wata. In ciyaman bai zo ba, darakta ba zai zo ba, masinja kuma tun da hantsi zai sa kwaɗo a ƙofa. Ka kwana a garinka, ka riga kowa shiga ofis, ranar kasuwa ka zaga da ƙafa.

Babbar cutar ita ce ƙin jin gaskiya, kuma ni ta cuce ni. A wani zama na ce wa wani ciyaman, "Ranka ya daɗe, dattawan garin nan sun ce inda za a haƙa burtsatsen babu ruwa, a sa masana su auna tukuna." Kafin la'asar 'yan kanzagi sun kai masa cewa ni ɗan adawa ne. Aka yi mini canjin wurin aiki, ƙarin girma ya tsallake ni. Aka haƙa, aka biya ɗan kwangila, har yau mata na wuce famfon da bokiti a ka zuwa fadama. Daga ranar babu wanda ya sake buɗe baki a zama, sai "haka ne, ranka ya daɗe". Haba! Wa za ka canja wa tunani alhali ka koya wa kowa tsoro?

Abin da na saba yi da na riƙe sashe shi ne ƙaramin ma'aikaci ya fara magana, ni ne na ƙarshe. Wanda ya kawo labari marar daɗi kuwa, a gaban jama'a nake yi masa godiya.

Kada ka watsar da ajin firamare ko asibitin sha-ka-tafi don wani ya fara ginin. Kada hakimi ya ji labarin aiki a ƙasarsa daga bakin direban tifa. Kansilolinka ma ka ba kowa aikin da zai kawo rahotonsa a zama na gaba, ka kuma tambaye shi in ranar ta zo.