Yadda ake haɗa na'urar karanta kati a ƙofa

Masu shaguna a unguwannin Nima da Mamobi na Accra sun yi ta tambayata, to ga matakan:

1. Kashe wuta tukuna.
2. Kafa na'urar a bango gefen ƙofa. Kada ka manna ta kan ƙarfe, yana rage mata ƙarfin karatu.
3. Kai jar wayar na'urar inda aka rubuta 12V (wajen wuta) a akwatin da ke sarrafa ƙofa, baƙa kuma GND (negatif).
4. Kai koriya D0, fara D1 (su ne ke kai bayanan kati zuwa akwatin). Nan ake yawan kuskure: in ka juya su, ƙofa ba za ta buɗe ba.
5. Haɗa batir. Da yadda ake ɗauke mana wuta a Accra, wannan dole ne.
6. Kunna wuta.
7. Yi rajistar katunan ɗaya bayan ɗaya.
8. Gwada kowanne. Dole mitar kati (frequency) ta dace da ta na'ura: katin 13.56 MHz ba ya aiki a na'urar 125 kHz.